Yadda Manomin Gaɓar Nilu Zai Bi Damina da Ambaliya ta Taurarin Ɗan'adam

Daga Damazin zuwa Mai Wurno, Sinnar da Wad Madani, har gonakin dawa da riɗi na Gadarif, tambayoyin manomi a kowace shekara huɗu ne: yaya daminar bana za ta kasance, ruwa nawa ya sauka, ina kogi zai kai, kuma wane hali shuka take ciki. Akwai taurarin ɗan'adam da ke auna duka huɗun, kuma hukumomin Turai da Amurka da suka harba su suna bayar da bayanan kyauta. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 mutane da yawa sun bar gonakinsu a hannun 'yan'uwa, wasu kuma daga Jidda ko Makka suke aiko da kuɗin noma ba tare da sun ga gonar ba. Saurayi ɗaya mai waya da haƙuri zai iya yi wa unguwa guda wannan aiki.

Abin da ya fi ɓata aikin masu farawa shi ne yi wa tauraro tambayar da ba tasa ba. Kowane hoto ɗigo-ɗigo ne, kuma girman ɗigon a ƙasa shi ke nuna abin da za a iya gani. Faddan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne. Ɗigon tauraron Sentinel-2 mita 10 ne kowane gefe, wato faddan ɗaya yana ɗauke da ɗigo 42. Na Landsat mita 30 ne, faddan bai kai ɗigo 5 ba. Na MODIS mita 250 ne, ɗigo guda ya haɗiye faddan kusan 15. Na ƙiyasin ruwan sama na IMERG kuwa wajen kilomita 11 ne, ya rufe ƙauyuka da yawa a lokaci ɗaya. Wanda ya nemi halin hawasharsa, wato gonarsa ta ban ruwa, a hoton MODIS, halin maƙwabtansa yake kallo a gauraye.

Kayan da ake buƙata

Waya mai intanet ta isa matakai huɗu na farko. Kwamfuta mai manhajar QGIS, wadda ita ma kyauta ce, sai idan za a yi lissafi da hannu. A yi rajista sau ɗaya a Copernicus Browser, shafin intanet na kallon hotunan Sentinel, da adireshin imel. NASA Worldview da EUMETView ana kallonsu ba rajista. Sai littafi mai layi, da ruwula, da gwangwani mai miƙaƙƙen jiki wanda faɗin bakinsa daidai yake da faɗin gindinsa.

Kafin komai a ɗauki lambobin wurin gona. A tsaya a kowace kusurwa, a jira kamar minti ɗaya har GPS na waya ya daidaita, a rubuta lambobin da aƙalla gurbi biyar bayan ɗigo. Wayar hannu takan yi kuskuren mita 3 zuwa 10, don haka idan an zo zana iyaka a kan hoto a ja ta ciki da mita 10 zuwa 20. In ba haka ba bishiyoyin kan iyaka, hanya da magudanar ruwa za su shiga lissafin gonar. A inda ake da shingayen masu ɗauke da makamai, kada a yi yawo da taswirori da lambobin wurare a waya. A bar su a littafi a gida.

Mataki na farko: teku, daga Mayu zuwa Yuni

Ruwan da ke cika kogin da ya ratsa Sinnar a tsaunukan Habasha yake sauka, amma alamarsa ta farko a Tekun Fasifik ake ganinta. Taurari suna auna zafin saman teku kullum, a haɗa da na'urorin da ke kan ruwa. Idan tsakiyar Fasifik, yankin da ake kira Nino 3.4, ya fi yadda ya saba zafi da rabin digiri ko fiye na watanni a jere, El Nino ke nan, kuma sau da yawa damina takan yi rauni a Habasha da Sudan, kamar yadda aka gani a 2015. Idan ya fi sanyi da rabin digiri, La Nina ke nan, ruwa yakan yawaita. A 2020, shekarar da La Nina ta kankama, ma'aunin kogi a Hartum ya kai mita 17.67 a farkon Satumba, ya zarce na 1946 da na 1988. Masanin ruwa ɗan Sudan, Elfatih Eltahir, ya nuna a 1996 cewa kusan kashi 25 cikin ɗari na bambancin ruwan Nilu daga shekara zuwa shekara yana da nasaba da El Nino.

A riƙe wannan adadi da kyau: rubu'i ne, ba duka ba. Teku tana karkata damina, ba ta yanke mata hukunci. A duba sanarwar hukumar NOAA ta Amurka da ke fitowa ranar Alhamis ta biyu a kowane wata, sannan hasashen Yuni zuwa Satumba da cibiyar ICPAC ta ƙasashen IGAD ke fitarwa a watan Mayu. Hasashen El Nino da aka yi a Maris ko Afrilu ba shi da ƙarfi; na Yuni ya fi abin dogaro. Amfaninsa a zaɓin iri ne. Idan duka biyun sun nuna ƙarancin ruwa, a ƙara rabon dawa mai saurin nuna, a rage gonar da ke kan tudu. Idan sun nuna yawan ruwa, a gyara magudanai da kariyar gaɓa tun ƙasa tana bushe.

Mataki na biyu: hadari da habub, kullum

Taurarin Meteosat suna tsaye a sama da kilomita 35,786, suna juyawa daidai da duniya, shi ya sa suke kallon wuri ɗaya dare da rana. Tsofaffin suna aiko hoto kowane minti 15, sabon da aka harba a Disambar 2022 kowane minti 10. A buɗe EUMETView, a matso da taswira kan gabashin Sudan da yammacin Habasha, a zaɓi hoton zafin saman girgije, a kunna hotunan awa uku da suka wuce a jere. Hoto ɗaya tak ba ya nuna inda hadari ya dosa.

Girgije mai tsawo samansa sanyi ne ƙwarai. Wanda ya sauka ƙasa da digiri 40 ƙarƙashin sifiri shi ne abin lura, wanda ya kai 60 ko 70 kuwa hadari ne mai ƙarfi. A damina yawancinsu kan taso da rana a kan tsaunukan Habasha, su nufo yamma da la'asar zuwa dare. A auna tazarar da gaban hadarin ya ci a awa ɗaya, a raba nisan da ya rage da ita. Hadarin da ya ci kilomita 45 a awa, yana kilomita 135 gabas da kai, yana da kamar awa uku, in bai watse a hanya ba.

Kurakurai uku ake yi a nan. Na farko agogo: lokacin da ke jikin hoton na UTC ne, a ƙara awa 2 don Sudan, awa 3 don Saudiyya. Na biyu karkata: tauraron da ke kan digiri sifiri yana hango Sinnar a kaikaice, sai saman girgije mai tsawon kilomita 15 ya bayyana kusan kilomita 13 gabas da inda yake a zahiri. Akwai wani Meteosat a kan digiri 45.5 gabas, shi karkatarsa a yankinmu ba ta kai rabin haka ba, don haka a fifita shi idan yana cikin zaɓi. Na uku, shimfiɗar siririn girgijen da iska ke jan ta daga kan hadari ita ma sanyi gare ta, amma ba ruwa a ƙarƙashinta. Ruwan yana inda sanyin ya fi tsanani kuma gefen ya fi kaifi.

Don habub, wato guguwar ƙura, a zaɓi hoton Dust RGB. Ƙura tana fitowa ruwan hoda mai haske, girgije mai kauri ja mai duhu. Yana aiki har da dare. Sai dai habub da ke fita daga ƙarƙashin hadari yakan ɓuya a inuwar girgijen, ba a ganinsa sai ya fito fili.

Mataki na uku: ruwa nawa ya sauka

Ba tauraron da ke ƙirga ɗigon ruwa a gonarka. Ƙiyasi ake yi daga sanyin girgije da kuma na'urorin da ke leƙa cikinsa. IMERG na NASA yana bayar da ƙiyasin kowane rabin awa; na gaggawa yana fitowa bayan kamar awa 4, na biyu bayan awa 14, wanda aka tace da ma'aunan ƙasa kuwa sai bayan wata uku da rabi. CHIRPS ɗigonsa wajen kilomita 5 ne kuma tarihinsa ya faro daga 1981. TAMSAT na Jami'ar Reading ta Ingila an yi shi musamman don Afirka, ɗigonsa kilomita 4, tun 1983. IMERG don sanin abin da ya faru daren jiya ne, sauran biyun don kwatanta bana da shekarun baya.

Kada a dogara da adadin rana ɗaya. A tara na kwana goma-goma, nan kuskure ke raguwa. A farkon damina, lokacin da iskar ƙasa take bushe, taurari sukan zarce gaskiya, domin wani ruwan yana ƙafewa kafin ya iso ƙasa. Ruwa mai ƙarfi da ya zuba a ƙaramin wuri kuma sukan rage shi, saboda an baje shi a faɗin ɗigon gaba ɗaya.

Maganin wannan shi ne gwangwanin nan. A kafa shi a fili, bakinsa a kwance daidai, nesa da bishiya ko gini da aƙalla ninki biyu na tsawonsu. Kullum ƙarfe 8 na safe a tsoma ruwula, a rubuta milimita, a zubar. Milimita ɗaya lita ɗaya ce a kowane murabba'in mita, wato lita 4,200 a faddan. Bayan wata guda a kwatanta jimillar gwangwani da ta tauraro. Idan mutum uku ko huɗu a ƙauyuka maƙwabta suna yin haka, a ɗauki matsakaicinsu, shi ya fi dacewa da ɗigon tauraro. A baƙar laka mai tsagewa irin ta Gadarif da Jazira, ruwan farko cikin tsagu yake shigewa, don haka adadi kaɗai ba ya ba da izinin shuka. A tona a ga zurfin danshi.

Mataki na huɗu: kogi

A nan ne ilimin da aka gada ya fi buƙatar gyara. A da, idan ruwa ya yawaita a Habasha, an san cikar za ta iso a Agusta zuwa farkon Satumba. Tun Yulin 2020 da aka fara tara ruwa a babbar madatsar Habasha da ke kusa da iyaka, wadda ke ɗaukar kubik mita biliyan 74, abin da ke isowa madatsun Rusairis da Sinnar ya dogara ga buɗe ƙofofi kamar yadda ya dogara ga sama. Cikar na iya jinkiri, kuma ruwa na iya ƙaruwa a lokacin da mai noman jarf, wato gaɓar da kogi ke bari idan ya janye, ya saba ganin ja da baya. Mai Wurno tana kudu da madatsar Sinnar, don haka tsayin ruwa a gabanta yana bin tafkin madatsar ma. Kogin Dindir da na Rahad kuwa ba sa bi ta waccan madatsa, har yanzu da ruwan sama suke tafiya kai tsaye.

Saboda haka a riƙa kallon tafkuna uku: na Habasha, na Rusairis, na Sinnar. Tun da girgije ya rufe sama a lokacin da aka fi buƙatar gani, Sentinel-1 ne abokin aiki. Rada ce, tana aika igiya mai tsawon kusan santimita 5.6 wadda ke ratsa girgije dare da rana. Ruwa mai kwanciya yana karkatar da igiyar can gefe, ba ta dawowa, sai ya fito baƙi. Ga yadda ake yi a Copernicus Browser:

1. A zaɓi Sentinel-1, nau'in IW, zubin VV a ma'aunin desibel.
2. A nemo hoton rani, na Mayu ko farkon Yuni, a ajiye shi a matsayin ma'auni.
3. A nemo sabon hoto wanda aka ɗauka a irin hanyar wancan. Tauraron yana wucewa wajen 6 na safe yana nufar kudu, ko wajen 6 na yamma yana nufar arewa. Kada a haɗa na safe da na yamma, kusurwar kallonsu daban ce.
4. A jera su biyu a ja labulen kwatantawa. Wurin da yake baƙi a duka biyun kogi ne ko fili mai santsi. Wurin da ya yi baƙi a sabon kaɗai shi ne ruwa ya ci.

Mai lissafi a kwamfuta zai iya fara raba ruwa da ƙasa a wajen desibel 18 ƙarƙashin sifiri, ya matsa sama ko ƙasa har layin ya dace da gaɓar da ya sani da idonsa.

Rada tana yaudara ta hanyoyi sanannu. Busasshen rairayi da titin kwalta baƙi suke fitowa kamar ruwa, dalilin hoton rani ke nan. Iska mai ƙarfi tana tayar da fuskar tafki ya fito toka-toka, a ɗauka ya ragu. Ruwan da ya shiga cikin dawa mai tsawo, ko dajin gabaruwa, ko tsakanin gidaje, haske yake ƙarawa maimakon duhu, domin igiyar tana dukan ruwa ta daki kara ko bango ta dawo. Don haka rashin baƙi a cikin gari ba shaida ba ce cewa gari ya tsira. Sannan kowane tauraro sai bayan kwana 12 yake maimaita hanyarsa. Ambaliyar kwari da ke zuwa cikin dare ta wuce kafin azahar, irin ta kogin Gash a Kasala ko wadda ta fasa madatsar Arba'at a Agustan 2024, hoton zai nuna ɓarnarta ne kawai, ba zai yi gargaɗi ba. Gargaɗin irin wannan yana mataki na biyu da kiran waya daga mutanen da ke sama da ku a kan ruwan. Sanarwar ma'aikatar ban ruwa game da sakin ruwa ita ma tana gaba da kowane hoto.

Idan sama ta washe a koma Sentinel-2. Ruwan cika jajir yake da laka, kuma lissafin gano ruwa na NDWI da aka saba yakan kasa gane shi. A yi amfani da zangon haske na 3 da na 11, wato B3 da B11: a cire B11 daga B3, a raba da jimillarsu. Abin da ya haura sifiri ruwa ne. Da wannan ake bin ja da bayan kogi mako-mako, a san wane jarf ya fito da kuma faddan nawa ne.

Mataki na biyar: gona

Sentinel-2 yana wucewa ta kanmu wajen ƙarfe 10 na safe, kusan kowane kwana 5. A zaɓi L2A, wanda aka riga aka cire masa tasirin iska. A sa iyakar girgije a kashi 30 cikin ɗari, a zana gonar, a fara kallon hoton launin zahiri kafin komai. Girgije ƙarami ko inuwarsa a kan gona ya isa ya rushe lissafi, haka ma ƙurar da ta rage bayan habub.

Sai a zaɓi NDVI, lissafin koren ganye. Ganye mai lafiya yana shanye jan haske, zango na 4, yana mayar da wani haske da ido ba ya gani, zango na 8. Ana cire B4 daga B8, a raba da jimillarsu. Baƙar ƙasa tsirara takan ba da 0.1 zuwa 0.2, shuka da ta fara rufe ƙasa 0.3 zuwa 0.5, dawa da ta cika 0.6 zuwa 0.8, ruwa kuma ƙasa da sifiri. A danna alamar jadawali a ga layin gonar na tsawon damina, a ɗora shi kan na bara. Siffar layin ta fi adadin rana ɗaya amfani:

Idan ya faɗi warwas a hoto ɗaya ya dawo a na gaba, girgije ne. Idan ya tsaya cak ko ya yi ƙasa a hotuna biyu ko uku a jere a tsakiyar damina, akwai matsala, kuma taswirar za ta nuna wane ɓangare. Tabon da ya bi kwari, ruwa ne ya kwanta. Wanda ya bi tudu, ƙishi ne. A gonakin ban ruwa na Jazira, idan ƙarshen hawasha ya fi bakinta rauni a kai a kai, ruwan Abu Ishrin, wato ƙaramar magudanar da ke shayar da gonakin, ba ya kaiwa, a duba laka da ciyawa a magudanar. Don ƙishi akwai lissafin danshin ganye na B8 da B11, wanda sau da yawa yakan motsa kafin launin ganye ya sauya.

NDVI kore kawai ya sani. Gonar da adar, wato dawar daji, ko wata ciyawa ta cinye za ta ba da adadi mai kyau kamar dawa. Bishiyar miskit da ta mamaye magudanai kore take rani da damina. A gane ta da hoton Afrilu, duk abin da ke kore a gonar damina a lokacin ba amfani ba ne. Ƙuduji yana shan dawa daga saiwa tun kafin ya ɓullo, kuma tauraro zai nuna rauni ne kawai ba tare da dalili ba. Hoto yana gaya maka inda za ka je ka duba, ƙafa ce ke gano sababi. Gonar da aka yi faɗa a kusa da ita kuwa, babu hoton da zai nuna harsashi ko nakiyar da ba ta fashe ba. Kada kyawun hoto ya sa a tura yara ko tarakta kafin masu aikin kwance su su duba.

Ga masu riɗi, saukar layin a ƙarshen damina alama ce ta nuna. Riɗi ba ya jira, kwanson yana fashewa ya zubar, don haka da zarar layin ya fara gangarowa a aika a duba kwanson ƙasa, a fara neman masu yanka.

Idan za a sauke bayanai a kwamfuta

Cikakken fayil ɗin Sentinel-2 yana rufe fiye da kilomita 100 kowane gefe kuma nauyinsa na iya kusantar gigabait ɗaya. Kada a sauke shi da intanet ɗin waya. A zana gonar, a sauke yankin kaɗai a tsarin TIFF, zangunan 3, 4, 8 da 11. A QGIS a sa ma'aunin taswira a EPSG 32636 don Sinnar, Jazira, Damazin da garin Gadarif. Gabas da digiri 36, kamar Kasala, 32637. Idan aka bar shi a digiri, lissafin faddan zai fito ba daidai ba.

Akwai tarko ɗaya da ke kama har waɗanda suka daɗe a aikin. Tun 25 ga Janairun 2022 ana ƙara 1,000 a kan kowane adadi a cikin fayilolin asali. Copernicus Browser yana gyarawa da kansa, amma wanda ya sauke cikakken fayil sai ya cire da hannunsa. Misali B8 ya nuna 4,000, B4 ya nuna 1,500. Ba gyara, NDVI 0.45 ne. Da gyara adadin ya koma 3,000 da 500, NDVI ya zama 0.71. Wanda ya kwatanta tsohon fayil na 2021 da na 2024 ba tare da wannan ba zai yi zaton gonarsa ta lalace alhali lafiyarta lau.

A littafi, kowane layi ya ɗauki ranar da aka ɗauki hoton, ba ranar da aka kalla ba, da sunan tauraro, adadin da aka samu, ruwan gwangwani, da abin da wanda ya je gonar ya gani. Duk hoton da za a tura wa jama'a a WhatsApp a rubuta ranarsa da sunan wurin a jikinsa, domin tsohon hoton ambaliya yakan dawo yawo bayan shekara a tayar da hankalin mutane a banza. Hotunan Google Earth na iya zama na shekarun baya. Sun dace da zana iyakar gona, ba su dace da duba shukar bana ba.